Nas ɗin Soja da Iska Mai Guba

Ka san fiya-fiya da ake fesa wa sauro. Wanda ya sha shi, sai yawu ya riƙa dalala, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sarƙe. To, iskar sarin da ake kai hari da ita danginsa ce, sai dai ta fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Allurar da ake yi wa wanda ya shaƙe ta, wato atrofin, ita ce dai ake yi wa mai fiya-fiya.

Amma allura ba ita ce farkon aikin nas ɗin soja ba. Abu na farko da ake koya masa shi ne ya danne tausayinsa. Ko majinyaci na shure-shure a gabansa, ba zai taɓa shi ba sai ya sa takunkumi da safar hannu da rigar kariya. Daga nan a yanke tufafin mutumin da almakashi, kada a cire su ta kai, a wanke shi da ruwa da sabulu a waje, kafin ya taka ƙofar asibiti. Tufafin ne ke riƙe mafi yawan gubar.

Da wuya aka koyi wannan. A watan Afrilu 1915 sojojin Jamus suka saki iskar kulorin a Ypres, ƙasar Beljiyam, a 1917 kuma suka kawo iskar mastad. Ita mastad munafuka ce: soja zai yi sa'o'i lafiya lau, sannan fata ta tashi bororo, idanu su kumbura su rufe. Nas-nas ɗin sojan Ingila sun kwana suna wanke idanun, suna jingine mutane a zaune don su sami numfashi, wasunsu kuma hannayensu suka ƙone daga taɓa kakin majinyata.

Bayan shekara 80 aka sake karatun. Ranar 20 ga Maris 1995 ƙungiyar Aum Shinrikyo ta saki sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo. Mutum kusan 640 suka kwararo asibitin St. Luke da kayan jikinsu, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan asibitin suka ji gubar a jikinsu. Garin ceton wani, mai ceto ya koma majinyaci. Sojojin Japan ne suka shiga tashoshin jiragen suka wanke su.

Harin ƙwayoyin cuta kuwa ba ya zuwa da ƙara ko wari. A 2001 a cikin ambulan wasiƙa aka aika garin ƙwayar cutar antaraks a Amurka, mutum 5 suka mutu, kuma ciwon ya fara ne kamar mura. A nan makamin nas shi ne ido da littafin rajista. In ya ga sojoji goma daga bariki ɗaya sun zo da zazzaɓi iri ɗaya cikin kwana biyu, ba ya jiran na sha ɗaya: sai ya sanar da likita da kwamanda, a ɗebi jini a kai ɗakin gwaji.