YUNWA A DUNIYA DA ABINCIN GIDA: DARASI DAGA AKURBA

Jama'a, wannan darasi ya shafi kowane mai gida da kowace uwargida, domin magana ce ta tukunya. Za mu duba yadda yunwa take a duniya, da abin da ke haddasa ta, sa'an nan mu ɗauki Akurba ta ƙasar Lafiya, a Jihar Nasarawa, ta zama mana misali.

YADDA AL'AMARIN YAKE

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, wadda aka kafa a 1945, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum wajen miliyan 733 suka yi fama da yunwa. Ke nan mutum ɗaya cikin goma sha ɗaya a duniya baki ɗaya; a Afirka kuwa, ɗaya cikin biyar.

Mai karatu zai iya zaton abincin duniya ne ya kasa. Abin da ake nomawa ya isa kowa, in da yana isa hannun kowa. Wani masanin tattalin arziki ɗan ƙasar Indiya, Amartya Sen, ya binciki yunwar da ta auka wa lardin Bengal a 1943, ya nuna cewa mutane sun mutu ne domin farashi ya fi ƙarfinsu, alhali kuwa akwai shinkafa a ƙasar. Mu ma mun ɗanɗani irin wannan. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya tashi, kuma a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Kasuwanni cike suke, amma magidanta da yawa suka koma cin abinci sau ɗaya a yini.

Wani dalilin kuma shi ne dogaro ga abincin waje. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, alkama ta yi tsada a duniya, nan da nan burodi ya tashi a Kano da Legas. Ƙasar da tuwonta ke zuwa ta jirgin ruwa, rigimar wasu takan hana ta barci.

ƘASAR LAFIYA DA ALBARKARTA

Akurba tana bakin garin Lafiya, wanda ya zama babban birnin Jihar Nasarawa tun da aka ƙirƙiro jihar daga Filato a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Allah ya hore wa wannan yanki ƙasar noma da wadatar ruwan sama. Ana noman doya, da rogo, da shinkafa, da masara, da dawa, da agushi, da riɗi. Riɗin Nasarawa har ƙasashen waje ake kai shi. Tun a ƙarshen shekarun 1970 aka kafa Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Lafiya da taimakon Bankin Duniya, bayan irinsa na Funtuwa da Gusau da Gwambe. A 2022 kuma aka buɗe babbar tashar wutar lantarki a Akurba, abin da masu injin casa da niƙa ke bukata.

To, me ya sa manomin irin wannan wuri yakan kwana da yunwa? Ga yadda abin ke tafiya. Da damina ba shi da kuɗin taki, sai ya ci bashi a kan zai biya da amfanin gona. Da kaka ta yi, mai bashi ya zo, ga kuɗin makaranta, ga hidimar biki. Dole ya sayar a daidai lokacin da kowa ke sayarwa, farashi yana ƙasa. 'Yan sari su kwashe ƙwaryar doya da buhun shinkafa da araha, su kimshe a sito. Kafin damina ta tsaya rumbunsa ya ƙare, sai ya koma kasuwa ya sayi abin da ya noma da tsada. Ga kuma hasarar ajiya: doya ta ruɓe, ƙwari su cinye wake. FAO ta ƙiyasta a 2019 cewa kimanin kashi 14 cikin 100 na abincin duniya yana lalacewa tsakanin gona da kasuwa.

MENE NE CINIKIN ADALCI?

Cinikin adalci shi ne a biya manomi farashin da zai mayar masa da kuɗin da ya kashe, ya bar masa ribar da zai riƙe iyali. A ƙasar Holan aka fara sa wa kaya tambarin irin wannan ciniki a 1988, a kan kofi na ƙananan manoman Meziko. Ƙa'idarsa ita ce a yanka farashin da ba a sauka ƙasa da shi ko kasuwa ta faɗi, a kuma ƙara wani kuɗi wanda ƙungiyar manoma za ta yi aikin gayya da shi, kamar rijiya ko makaranta. A Gana, manoman koko sun kafa ƙungiyarsu ta Kuapa Kokoo a 1993, har ta kai su ga mallakar hannun jari a kamfanin cakulan a Ingila.

Mu a nan ba sai mun jira tambari daga Turai ba. Addininmu da al'adarmu sun riga sun hana tauye mudu, da algus, da ɓoye abinci don ya yi tsada. Dillali da mai mota suna da hakkinsu, gama aiki suke yi. Abin ƙi shi ne wanda ya yi gumi ya tashi da mafi ƙanƙantar rabo.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

1. Manoma su haɗa kai cikin ƙungiyoyin gama kai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum talatin masu sayar da riɗinsu tare sun fi ƙarfin a yi musu wulaƙancin farashi, kuma suna iya ɗaukar shatar mota guda.

2. Kowane manomi ya ware abincin shekara kafin ya kai saura kasuwa. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

3. A kyautata ajiya. Buhun nan mai hawa uku, wanda iska ba ta shiga, yana tsare wake da masara ba tare da magani ba. Zuba maganin ƙwari barkatai shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015.

4. Masu casar shinkafa su tsabtace ta, su fid da tsakuwa da ƙaiƙayi. Mai saye ba zai dawo ga abin da ya fasa masa haƙori ba.

5. Mutanen birni su fifita shinkafa 'yar gida, da doya, da garin rogo, da man gyaɗa. Kuɗin da ka ba manomin Akurba yakan zaga wurin maƙeri, da tela, da mai injin niƙa. Wanda ka kashe a kan shinkafar waje ya ƙetare teku ke nan.

6. In ka san farashin gaskiya, kada ka matsa wa baƙauye da tayin wulaƙanci don ka ga yana cikin matsuwa.

Gwamnatoci sun yi yunƙuri iri iri, tun daga Shirin Ciyar da Ƙasa na 1976, da Juyin Noma na 1980, har zuwa dokar ta-ɓaci a kan abinci ta watan Yuli, 2023. Amma babu shirin da zai ɗore in manomi bai ga riba ba, domin ɗansa zai ajiye fartanya ya tafi birni ya hau acaɓa, gona ta zama saura.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Me ya sa ake yunwa alhali akwai abinci a kasuwa?

2. Nawa ake sayar da mudun masara a garinku da kaka, nawa kuma da bazara? Wa ke cin ribar da ke tsakani?

3. Wane abincin waje ne gidanku zai iya musanyawa da na gida a wannan wata?

Wanda ya karanta wannan takarda, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.