Haɗewar Asibitoci Da Makomar Bayanan Majinyata

Idan asibitoci biyu suka haɗe, ko kuwa wani kamfani ya sayi asibiti, abin da jama'a kan fara gani shi ne sabon allo a bakin ƙofa. Amma aikin da ya fi wuya yana can ofishin kati, watau inda ake adana tarihin ciwon kowane majinyaci.

Amurka ta daɗe da sanin wannan. A shekarar 2009 aka kafa wata doka a can wadda ta tanadi tallafin kuɗi ga asibitoci domin su bar fayil na takarda su koma ga kwamfuta. Kafa tsarin da kula da shi suna cin kuɗi ainun, har tsadar ta zama ɗaya daga cikin dalilan da kan sa ƙaramin asibiti ya shiga ƙarƙashin babba.

To, sai dai kowane asibiti da irin manhajarsa. Wannan yana aiki da Epic, wancan da wata dabam, kuma haɗa su kan ɗauki shekaru. A nan haɗarin yake. Mutane biyu masu suna ɗaya na iya komawa fayil ɗaya, mutum ɗaya kuma na iya samun fayil biyu. Alal misali, in bayanin cewa jikin majinyaci ba ya karɓar penisilin ya maƙale a tsohon fayil, likita na iya rubuta masa ita bai sani ba. Lalle wannan ba ƙaramin kuskure ba ne.

Har ila yau, girman rumbu kan jawo ɓarayi. A 2019 manyan ƙungiyoyin asibitoci biyu suka haɗe suka zama CommonSpirit Health, mai asibitoci wajen 140. A watan Oktoba na 2022 masu kutse suka afka wa kwamfutocinta, aka ɗage ganin likita a wurare da dama, bayanan mutane fiye da 600,000 kuma suka shiga hannun da bai dace ba.

A nan Nijeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti adana bayanan majinyaci da rufa asirinsa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ƙarfafa wannan. Sauyin mai asibiti bai soke haƙƙin ba. Saboda haka, in asibitinku ya sauya hannu, kada ku yar da tsohon kati. Ku tafi da shi, ku tabbata an haɗa tsohuwar lamba da sabuwa, sa'an nan ku faɗa wa likita da bakinku magungunan da kuke sha da waɗanda jikinku ya ƙi.