Abin da Ke Sa Jama'a Ƙin Sabon Dandali Ko da An Sa Masa Sunan Musulunci

Darasin wannan mako ya shafi wata tambaya da ta daɗe tana damun masu kishin addini, watau me ya sa duk sa'ad da aka buɗe wa Musulmi dandalin sada zumunta nasu na kansu a intanet, sai su yi masa murna kwana biyu, sa'an nan su watse su koma inda suka fito. Wasu masu wa'azi suna cewa raunin imani ne. Amma wanda ya bi tarihin abin a tsanake zai ga maganar ta fi haka zurfi.

Ran 19 ga watan Mayu na 2010 Babbar Kotun Lahore ta ƙasar Pakistan ta ba da umurni a toshe Facebook, saboda wani shafi da ke kiran mutane su zana hoton Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A cikin kwanakin nan ne wasu 'yan Lahore suka buɗe MillatFacebook, kalmar millat kuwa tana nufin al'umma. Jama'a suka yi tururuwa suna rubuta sunayensu. Ran 31 ga watan aka ɗage takunkumin, mutane suka koma tsohon dandali, sabon ya yi ta dusashewa har aka daina jin ɗuriyarsa. Kafin wannan akwai Muxlim, wanda aka kafa a ƙasar Finland cikin 2006, ya rufe cikin 2012. A wannan shekara ta 2012 kuma aka yi ta yayata Salamworld daga birnin Istanbul, aka ce zai zama dandali mai tsabta daga caca da batsa, amma bai taɓa samun gindin zama ba.

Babu mai shakkar son da mutanen Pakistan suke yi wa Annabinsu. To, ina ya sa suka koma? Dalili na farko, kuma mafi ƙarfi, shi ne dandali jama'ar da ke cikinsa ne, ba sunan da aka liƙa masa ba. Mutum ba ya shiga don ya kalli tambari. Yana shiga ne don ya gai da gyatumarsa, ya ji labarin ƙanensa da ke ci-rani, ya sanar da rasuwa ko suna, ya tallata hajarsa. In ya ƙaura shi kaɗai ya bar waɗannan a baya, ya zama kamar ɗan kasuwar da aka ba rumfa mai kyau a sabuwar kasuwa, alhali masu saye duk suna tsohuwa. Ko kwana nawa ya yi yana jira, yunwa za ta komo da shi. Bugu da ƙari, sada zumunci wajibi ne a shari'a, yanke shi kuwa babban zunubi ne, saboda haka wanda ya zauna inda danginsa suke don ya riƙa jin halinsu ba a gaggauta zarginsa da ƙarancin kishi.

Wannan hali bai tsaya ga dandalin addini kaɗai ba. Kamfanin Google, duk da dukiyarsa, ya buɗe Google+ cikin 2011, ya rufe wa jama'a shi cikin 2019 don ya kasa tsai da su. A Nijeriya ma, da gwamnati ta dakatar da Twitter cikin watan Yuni na 2021, ta buɗe shafinta a wani dandali na ƙasar Indiya mai suna Koo. 'Yan ƙasa da yawa ba su bi ta ba, sai suka nemi hanyar zagaye suka ci gaba da shiga tsohon wurin har aka janye dokar cikin Janairu na 2022. Koo kansa ya rufe cikin Yuli na 2024.

Malaman tarihi sun ruwaito cewa Manzon Allah ya keɓe wa Musulmi kasuwarsu a Madina, ya hana a ɗora mata haraji. Masu son kafa sabon dandali sukan kawo wannan hujja, kuma hujja ce mai kyau, sai dai sukan manta da abin da ya gabace ta. An riga an gina masallaci, an ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, jama'a ta riga ta haɗu wuri guda kafin a ce ga kasuwa. Su kuwa na yanzu sukan fara da gina rumfuna, sa'an nan su shiga neman mutane.

Dalili na biyu gajere ne. Dandali na cin kuɗi kullum, na manyan na'urorin ajiya da na ma'aikata. In shafi yana jinkirin buɗewa, ko saƙo ya ɓace a hanya, mai waya ba zai yi haƙuri da shi don an rubuta masa sallama a bakin ƙofa ba. Kyautata aiki shi ma addini ne, kuma a nan aka sha barin Musulmi a baya.

Dalili na uku shi ne amana, kuma shi ne ya fi ciwo. Cikin Nuwamba na 2020 wata jarida ta Amurka ta ba da rahoton cewa bayanan wuraren da masu amfani da Muslim Pro suke, manhajar da miliyoyi ke duba lokutan salla da alƙibla da ita, suna zuwa hannun wani kamfanin dillancin bayanai da ke hulɗa da 'yan kwangilar sojan Amurka. Masu manhajar sun musanta cewa sun sayar wa soja, suka kuma ce sun yanke hulɗa da dillalan, amma mutane da yawa sun goge ta daga wayoyinsu. Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane, kuma wanda aka ba shi asiri ya zama mai riƙon amana, ko mutum ne ko kamfani. Musulmin da ya taɓa ganin haka, in aka zo masa da sabon dandali mai sunan addini ya tsaya yana tambaya waye ke riƙe da bayanansa, ba shi da laifi, hasali ma abin da ya kamace shi ke nan.

Amma fa ko tsoron cin amana ba kasafai yake rinjayar ƙarfin jama'a ba. Cikin Janairu na 2021 WhatsApp ya fito da sababbin sharuɗɗa, mutane suka ji tsoron za a miƙa asirinsu ga Facebook. Telegram ya ce ya sami sababbin mutane miliyan 25 cikin kwana uku, ofishin watsa labarai na fadar shugaban Turkiyya kuma ya koma BiP, manhajar gida. Kamfanin ya ɗage wa'adinsa daga 8 ga Fabrairu zuwa 15 ga Mayu, ƙura ta lafa. Da yawa daga waɗanda suka sauke Telegram a makon nan ba su goge WhatsApp ba, domin rukunin dangi, da na makarantar Islamiyya, da na kwamitin masallacin unguwa, duk suna can ba su motsa ba.