Daga Durun Zan Iya Fitowa a Haɗa Kiɗa?

Tambaya: Malam, ni matashi ne daga Durun a ƙaramar hukumar Kabo. Ina da tsohuwar kwamfuta mai FL Studio, ina haɗa kiɗan gambarar zamani in na samu caji. Abokaina sun ce sai na tafi Legas, Baba kuma ya ce roƙo ne. Yaya manyan masu haɗa kiɗa suka fito?

Amsa: Ƙanena, ajiye kuɗin motar Legas tukuna. Mai haɗa kiɗa a bayan muryar wani yake tashi, kai kuwa ba ka ambaci mawaƙi ko ɗaya a wasiƙarka ba.

Dubi Don Jazzy. A 2004 suka kafa kamfanin Mo'Hits da mawaƙi D'banj, ya yi shekara takwas yana yi masa kiɗa. Da suka raba gari a 2012 ya buɗe kamfanin Mavin, inda Rema da Ayra Starr suka fito daga baya. DJ AB na Kaduna ma da abokansa na ƙungiyar YNS ya taso, kuma da Hausa ya yi suna.

Saboda haka nemo yaro mai murya a Durun ko Kabo ko Gwarzo, ku yi ta aiki tare. Waƙar biki, tallar shago, duk karɓi, nan hannu ke faɗawa. In an gama girbi ka shiga Kano, ka zauna ƙarƙashin wani a situdiyon Zoo Road ko da aike za ka riƙa yi. Abin koyo shi ne tace sauti, yadda murya za ta fito tas a 'yar ƙaramar waya, ganga ba ta danne ta ba. Yawancin yaranmu nan suke faɗuwa, sun cika son dukan ƙirji.

Ka sa a ambaci sunanka a farkon kowane kiɗa, don masu tura waƙa a waya ba sa rubuta sunan makaɗi. Kuɗin aiki kuma a rubuta shi gaban shaida, ko da amininka ne.

Ka kuma san Kano na da Hukumar Tace Finafinai tun 2001, kuma waƙa na ƙarƙashinta. A 2009 an haramta waƙar "Girgiza Kai" ta mawaƙi Ziriums.

Baba kuwa kada ka ja da shi. Maroƙi liƙi yake jira, kai ladan aikinka za ka yanka tun kafin ka kunna kwamfuta. Kuɗin farko da ka samu, kai masa ya sa albarka.