Aikin Kotun Ƙoli a Tsarin Shari'a Irin na Faransa

Manomi a Karaye da ɗan'uwansa na Maraɗi harshensu ɗaya, amma tsarin shari'arsu daban. Nijeriya ta gaji tsarin Ingila, inda hukuncin Kotun Ƙoli yake zama wajibi ga ƙananan kotuna su bi. Nijar kuwa ta gaji na Faransa, mai tushe a kundin dokoki na 1804. A can, babbar kotu ba ta sake auna maganar shaidu. Aikinta shi ne duba ko alƙali ya yi amfani da doka daidai. Idan ya kauce, sai ta soke hukuncin, ta mayar da ƙarar ga wasu alƙalai. Manufar ita ce doka ta kasance da fassara ɗaya a duk faɗin ƙasa.