Kafin ka kai shi gidan mari, zo mu zauna

Ni ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce a wani asibitin gwamnati a nan Kano, kuma mafi yawan waɗanda ke zuwa ofishinmu daga Fagge da Sabon Gari sai sun gama yawo suke isowa. An je wajen mai ruƙiyya, an je kemis, an sayar da atamfofin uwa an biya wani mai allon talla a bakin Titin Ibrahim Taiwo da ya ce yana "gyaran tarbiyya". Sai kuɗi sun ƙare, yaro ya rame, sannan wani ya ce, "Ai akwai ofishin taimako a asibiti."

Wani ɗan kasuwar Kwari ya taɓa kawo mini ƙanensa mai jire masa shago. Yaron ya fara da maganin tari, ya koma ƙwaya, kuɗin ciniki suka fara ɓacewa. Da ya zauna sai ya riƙa jan ƙafar wando ƙasa, yana rufe tabon mari a idon sawunsa. Wata takwas ya yi a ɗaure a gidan mari. Yayan ya ce, "Hajiya, wallahi don ya gyaru muka kai shi." Na yarda da shi. Amma ɗauri ba ya cire ƙwaya daga jini, bare ya cire abin da ya tura yaro gare ta. Duk mun ga abin da aka fito da shi daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019: ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa.

Mu ba likitoci ba ne, ba ma rubuta magani. Likitan ƙwaƙwalwa ya duba yaron, ni kuma na zauna da shi, na zauna da yayan daban, na je gidansu. A can na gano cewa tun rasuwar mahaifinsu ba wanda ya taɓa tambayarsa komai sai lissafin shago. Aikinmu ke nan: bin diddigin abin da ke bayan ciwo, sasanta gida, nema wa mara ƙarfi sassaucin kuɗin asibiti, da haɗa mutum da hukumar da ta dace.

A Amurka irinmu kan buɗe ofishin kansu da lasisin jiha a rataye a bango. Nan kuwa mafi yawanmu muna cikin asibitoci da ma'aikatu, shi ya sa mai neman mu a layin shaguna ba ya samun mu. Ka shiga Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, ka tambayi ma'aikacin jinya ina ofishin jin daɗin jama'a. Idan taɓin hankali ne ko shaye-shayen da ya yi nisa, akwai asibitin Dawanau. Idan fyaɗe ne, cibiyar Waraka tana cikin Asibitin Murtala, kuma don Allah a je da wuri, kafin a yi wa yarinya wanka. Maganar yaron da aka tsinta, ko maraya, ko rikicin riƙo, ta Ma'aikatar Mata ce ta jiha.

Akwai masu zaman kansu na ƙwarai, ban ce babu ba. Sai dai ka yi tambaya, ba rashin kunya ba ne. A ina ya yi karatun aikin? Wane asibiti ko hukuma ce ta san shi? Ɗan ƙungiyar ma'aikatan jin daɗin jama'a ta ƙasa ne, wato NASoW? A ƙarshen 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da ke da hurumin yi wa masu wannan aiki rajista, a Janairun 2023 kuma aka samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin mara lafiya. Wanda ya san aikinsa ba zai ɓata rai don ka tambaye shi takarda ba.

Wanda ya yi maka alkawarin warkewa cikin mako biyu, ko ya ce a bar masa yaro ba mai ziyara, ko ya ɗauki hotonsa ya sa a Facebook, tashi ka kama gabanka. Sirrin gidanka amana ce a hannunmu, kuma yana cikin abin da aka fara koya mana.

Ranar da za ka zo, taho da katin asibiti da kwalayen duk magungunan da yaron yake sha, har wanda aka tsinta a aljihunsa. Ka zo da wanda yaron ya fi sakewa da shi, ko da kaka ce, ba lallai sai mai faɗa a ji na gidan ba. Kuma kada ka yaudare shi da cewa ɗaurin aure za ku. Gaya masa gaskiyar inda za ku je.