Yawon Buɗe Ido Daga Zariya Zuwa Katsina: Gini, Abinci da Daji

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilmi, amma ba kowace tafiya take buɗe shi ba. Sau da yawa ɗalibai sukan fita ziyarar wuraren tarihi, su dawo da jerin sunayen sarakuna kawai. Manufar wannan ɗan nazari ita ce a shata wa mai ziyara hanya mai zango uku, daga Zariya zuwa Kano, sa'an nan Daura da Katsina, a kuma nuna masa cewa ginin da zai gani da abincin da zai ci, duk daga dajin da yake ratsawa suka fito.

2.0 Zangon Farko: Zariya

Ya kamata a fara da Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. An kewaye tsohon ginin da sabo, saboda haka sai an shiga ciki ake ganin gwanintar. Abin lura a nan shi ne rufin. Azara, wadda ake tsagowa daga gangar giginya, gara ba ta cika cin ta ba, sai dai idan aka shimfiɗa ta da tsawo ƙarƙashin nauyin ƙasa takan lanƙwasa. Don haka magina suka ƙago dabarar jera gajerun azara, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, ana ɗaurewa ana yaɓe, har hannu biyu su haɗu a sama. Wannan shi ne baka, kuma da shi ake rufe ɗaki mai faɗi ba tare da cika shi da ginshiƙai ba. Wanda ya gane haka, in ya sake ganin giginya a fadama, ya san rufin soro yake kallo a tsaye.

3.0 Zango na Biyu: Kano

A kan hanyar Kano za a ratsa filayen noman rani na Kadawa da Kura, waɗanda suke shan ruwan madatsar Tiga da aka gama a 1974. A nan ake noma shinkafa da tumatir da alkama, kuma da garin alkama ake yin gurasa da alkaki, waɗanda aka san Kanawa da su.

In an shiga birni sai a fara hawa Dutsen Dala, mazaunin Barbushe, domin daga samansa ake gane fasalin garin. Bisa ga Tarihin Kano, Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya soma ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463-1499) kuwa ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina fadar da har yanzu ake kira Gidan Rumfa. Daga Dala sai a gangara Kurmi, a wuce Gidan Makama, inda aka adana kayan tarihi, a ƙare a marinar Ƙofar Mata.

Marina ta cancanci a daɗe a cikinta, domin sana'ar rini tana da dangantaka da gini. Da baba da toka ake haɗa ruwan rini. Idan ruwan ya mutu, akan kwashe dagwalon da ya kwanta a gindin karofi, a busar, a ƙone, ya zama katsi. Katsin nan ne ake gaurayawa da gashin dabbobi da ruwan dafara a sami laso, wanda ake shafe rufin soro da shi don kada ya yi yoyo. Haka kuma ɗorawa: a sha garinta, a yi daddawa da kalwarta, a kuma jiƙa ɓawonta a yi makuba ta shafen bango. Ashe tukunyar miya da katangar gida bishiya ɗaya suke ci.

4.0 Zango na Uku: Daura da Katsina

Daga Kano a bi ta Kazaure zuwa Daura. Sannu a hankali ƙasa takan koma jigawa, gero ya rinjayi dawa, gawo ya yawaita. Gawo yakan kaɗe ganyensa da damina, shi ya sa gero yake yin kyau a gindinsa, 'ya'yansa kuma su zama abincin dabbobi da rani. Furar da za a dama wa baƙo bayan ya ziyarci rijiyar Kusugu, inda labari ya ce Bayajida ya kashe macijiya, haɗuwar geron manomi ce da nonon makiyayi.

A Katsina sai a duba hasumiyar Gobarau, wadda take shaidar daɗewar ilmin addinin Musulunci a garin su Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani. A kuma leƙa ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, yanzu kuwa gidan tarihi ce. Da tubalin ƙasa aka gina ta, wato ko makarantar boko ta farko mai zurfi a Arewa, a hannun maginan gargajiya ta tashi.

5.0 Kammalawa

Ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe, in an daina bin sa bayan damina sai ya zaizaye. An sanya ganuwar Kano cikin jerin share fage na hukumar UNESCO a 2007, amma duk da haka an cinye sassa da yawa nata da gidaje da shaguna. Bulo da kwano sun kori tubali da azara, maginan da suka iya ɗaura baka suna ƙaranci, kalmominsu kuma suna bin su. Saboda haka wajibi ne ɗalibin Hausa ya fita wannan yawo da littafi da alƙalami, ya zauna gaban magini da marini da mai dakan fura, ya rubuta sunan kowane abu da yadda ake yin sa, tun masu sanin suna raye.